Agogon da ke cikin ƙwayar alkama

A ƙarshen watan Fabrairu na raka kawuna fadama a bakin kogin Galma, kusa da Zariya. Gonakin alkama biyu ne jingine da juna, kunya ɗaya ce ta raba su. Iri ɗaya ne, daga buhu ɗaya ma, don kawu ne ya ɗibar wa maƙwabcinsa, kuma injin ban ruwa ɗaya suke karɓa-karɓa da shi. Amma ta kawu ta soma ja, zangarniya ta cika ta yi nauyi, ta maƙwabcin kuwa kore shar, a lokacin take fure. Ni da ban san kan abin ba sai na yaba koriyar. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kyan ɗan maciji ke nan. Wannan zafi zai riske ta tana ruwan nono. Ka dawo ranar sussuka ka gani."

Na dawo, na kuma gani. Ƙwayar maƙwabcin ta fito a motse, buhunansa ba su kai rabin na kawu ba, mai saye kuma da ya damƙa ya ji ta sakayau sai ya karya farashi. Mutumin bai yi ƙwauron taki ba, bai yi sakaci da ruwa ba. Kimanin kwana arba'in ne suka raba su. Kawu ya shuka a tsakiyar Nuwamba, shi kuwa sai da ya jira shinkafarsa ta bushe, ya kuma jira takin tallafi da aka yi musu alkawari, bai zuba iri ba sai dab da ƙarshen Disamba.

Duk sanda aka tada maganar alkama a ƙasar nan, zancen ba ya wuce taki da rance da man inji. Dole kuwa a yi zancen, don muna shigo da fiye da tan miliyan 4 kowace shekara, alhali ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi kan noman 2021 ta nuna abin da muka girbe bai kai tan 40,000 ba. Biredin da mai shayi ke yankawa a Kawo ko Tudun Wada, kusan duk fulawarsa ta jirgin ruwa alkamarta ta zo. Sai dai abin da ya faru a gonakin nan biyu ba ya cikin lissafin masu rabon taki. Alkama tana zuwa da nata agogon a cikin ƙwayoyin gadonta, wato abin da ke ɗauke da halayen da take gada daga iri, wanda kuma bai san yadda agogon ke tafiya a ƙasa mai zafi irin tamu ba zai yi ta zuba kuɗi a gona yana kwasar ƙaiƙayi.

Manomin Hausa ya daɗe da sanin wannan ilimi, ko da bai raɗa masa suna ba. Gero ɗan ƙirga kwana ne: ka shuka shi da ruwan farko, cikin wata uku ka gasa tumu. Maiwa kuwa, da dawar gargajiya irin su farafara da kaura, halinsu dabam. Ka shuka wata a farkon Yuni, wata a ƙarshensa, sai ka ga sun fitar da kai kusan tare, daidai lokacin da damina ke haramar tafiya, iyaka dai ta farkon ta fi tsawon kara. Masana a Samaru sun bi diddigin wannan tun shekarun 1960, suka tarar dawar kowane yanki tana fitar da kai a lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankin. Tsawon yini take aunawa. Idan yini ya gajarta zuwa wani matsayi sai ta san lokaci ya yi, ta haka ƙwayarta ke nuna cikin bushewar kaka ba tare da fumfuna ba. Kakanninmu ne suka zaɓo wannan hali shekara bayan shekara, ta wurin ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye iri.

Alkama ma tana auna yini, amma lissafinta a juye yake. Asalinta daga yankin da ya haɗa kudancin Turkiyya da Siriya da Iraƙi ne, inda aka fara nomanta kimanin shekara 10,000 da suka wuce. A can da sanyi ake ruwa, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Saboda haka tana tsirowa da kaka, ta kwanta cikin sanyi, ta yi fure bayan jaura ta wuce, ta nuna kafin zafi ya ƙone ta. Idan ta yi gaggawa ƙanƙara ta kashe furen, idan ta yi nawa fari ya cinye ƙwayar. Duk dabarun da ke cikin jininta na kauce wa waɗannan biyun ne.

A gindin tsiron alkama, can ciki inda ido ba ya gani, akwai wani ɗan tsini da bai kai ƙwayar gero ba. Shi ke ƙera ganye ɗaya bayan ɗaya. Wata rana sai ya daina ƙera ganye ya koma ƙera zangarniya, kuma daga nan ba komawa baya. Ƙwayoyin gadon da ake magana a kai aikinsu ke nan, su yanke ranar wannan juyi da saurin abin da ke biyo baya. Alkamar biredi kuwa haɗakar ciyayi uku ce da suka auri juna tun zamanin da, don haka tana da jerin gado uku, masana suna kiransu A da B da D, kuromosom 42 gaba ɗaya. Kusan kowace ƙwayar gado tana da kwafi uku ke nan. Wannan ya sa ba a iya raba alkama gida biyu kawai, mai sauri da mai nawa. Matakai ne birjik a tsakani.

Agogo na farko na sanyi ne, ana kiran ƙwayoyinsa Vrn. Wani masani ɗan asalin Ajantina, Jorge Dubcovsky, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis su suka tono su ɗaya bayan ɗaya: Vrn1 a 2003, Vrn2 a 2004, Vrn3 a 2006. Yadda suke aiki ya yi kama da fada. Vrn3 ɗan aike ne, a ganye ake haɗa saƙonsa, ya bi jijiya ya gangara wurin tsinin nan ya ce a soma zangarniya. Vrn2 dogari ne da ke tsare ƙofa, ba ya barin ɗan aiken ya fita. Vrn1 shi ne mai ikon sallamar dogarin, amma a ɗaure yake, kuma sanyi ne kaɗai ke kwance shi, a hankali a hankali. Alkamar ƙasashen sanyi tana bukatar mako huɗu zuwa takwas cikin sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 10 a ma'aunin Selsiyos kafin ɗaurin ya saki. Sanyin dare ɗaya ko biyu ba ya ruɗinta, sai an tara mata shi. Abin mamakin shi ne ba ta mantawa. Ko zafi ya dawo, ta riga ta san hunturu ya wuce.

Wannan hali ya taɓa jawo masifa a Tarayyar Sobiyet. Wani mai suna Trofim Lysenko ya lura cewa idan aka jiƙa iri aka sanyaya shi kafin shuka, alkamar sanyi tana fitar da kai da wuri. Har nan gaskiya ne. Amma sai ya yi iƙirarin cewa 'ya'yanta za su gaji wannan sauyi, ya ƙaryata ilimin gado ɗungurungum, shugaban ƙasar Stalin kuma ya ɗaure masa gindi. Masana da yawa suka rasa aiki, babbansu Nikolai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943. Ita kuwa alkamar ba ta san siyasa ba: kowane sabon iri yana farawa da ɗaurinsa sabo fil.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Cikin alkamar da ake shigowa da ita daga Amurka da Rasha akwai ta sanyi mai yawa. Ka ɗebi irin wannan ka shuka a Igabi ko Soba a watan Nuwamba, ka ba ta ruwa da taki iya son ranka. Za ta tsiro, ta yi ta 'ya'ya daga gindi, ta yi duhu kamar ciyawar makiyaya, amma har zafi ya ƙone ta da wuya ka ga zangarniyar kirki. Sanyinmu na Disamba da Janairu, da ke sa mu jin wuta da asuba, a Kaduna yawanci bai cika sauka ƙasa da digiri 12 zuwa 15 ba, da rana kuma a koma kusan 30. A wurinta hunturu bai zo ba tukuna. Alkamar da muke nomawa ita ce wadda ɗaurin Vrn1 ɗinta ya tsinke tun asali, saboda wani sauyi a wurin da ke kunna ƙwayar gadon. Kuma akwai bambanci dangane da wane kwafi ne ya tsinke. Idan na jerin A ne, ba ruwanta da sanyi sam. Idan na B ko na D ne kaɗai, tana iya fure ba tare da sanyi ba, amma da ɗan jan ƙafa. Wannan ɗan jan ƙafar zai yi mana amfani a gaba.

Agogo na biyu na tsawon yini ne, sunan ƙwayoyinsa Ppd. Alkama ta asali, ko ta sha sanyi ta ƙoshi, ba ta sakin ɗan aiken nan sosai sai yini ya yi tsawo. A Landan yinin tsakiyar Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba, don haka alamar a bayyane take. A Kaduna kuwa yinin Disamba kusan awa 11 da rabi ne, na Yuni bai kai 13 ba. Alkama mai jiran dogon yini idan ta zo nan za ta yi ta jira, ta fitar da kai a makare, zafin Maris ya yi mata sallama.

Yadda aka warware wannan ƙulli labari ne mai daɗi. A 1913 wani masanin iri ɗan Italiya, Nazareno Strampelli, ya haɗa alkamar Turai da wata gajeriya 'yar Japan mai suna Akakomugi. Daga wannan aure aka sami iri kamar Ardito da Mentana, masu nuna makonni biyu zuwa uku kafin sauran, suna tsere wa zafin bazarar Italiya da cutar tsatsa. Shi kansa bai san sunan abin da ya ɗauko daga Japan ba. Jinin Mentana ya zagaya duniya har ya shiga cikin irin da Norman Borlaug, wani masanin noma ɗan Amurka, ya yi aiki da su a Mekziko, inda ya isa a 1944. Borlaug mutum ne mai gaggawa. Maimakon ya yi noma sau ɗaya a shekara kamar yadda aka saba, sai ya riƙa shuka a kwarin Yaqui da ke Sonora, kusa da teku, lokacin da yini ke gajarta, ya girbe ya kwashi irin ya haura Toluca, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,600, ya sake shukawa lokacin da yini ke tsawo. Manyansa sun ce wannan ya saɓa ƙa'ida. Saurin aiki kawai yake nema, amma irin da ya iya yin kyau a wuraren biyu dole ya zama wanda bai damu da tsawon yini ba. Ba da niyya ba ya tace alkamar da za ta iya zama a Indiya da Pakistan da Sudan da Kadawa. Sai a 2007 masana a Cibiyar John Innes da ke Ingila suka nuna sirrin: a gaban ƙwayar Ppd-D1 haruffan gado 2,089 ne suka ɓace, kuma su ne ke kashe ta da dare. Da suka ɓace sai ta zauna a kunne dare da rana, tana gaya wa tsiron cewa yini dogo ne ko da gajere ne.

An fi yaba wa Borlaug a kan gajarta kara, da ƙwayoyin gadon da suka fito daga wata 'yar Japan ɗin, Norin 10, waɗanda suka hana alkama kwanciya idan ta sha taki. Ya cancanci yabon, har ya sami lambar Nobel a 1970. Amma a wurinmu mu mutanen kusa da tsakiyar duniya, makantar da alkama ga tsawon yini ita ce ta buɗe ƙofa. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno. Sunanta ma daga Larabci muka aro, kuma tun kafin zuwan Turawa ana nomanta a fadamu da jigo, ana alkaki da gurasa da finkaso. Sai dai noman lambu ne, abincin masu hali. Irin da suka cika manyan ayyukan ban ruwa na Kadawa da Bakalori da kudancin tafkin Chadi, musamman bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, jikokin Mekziko ne, irin su Siete Cerros. Na yanzu ma haka: Atila da Norman da Reyna-28, waɗanda suka fito ta hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ke da alhakin alkama a ƙasar nan. Sunan Atila ma na wani fitaccen layin CIMMYT ne, cibiyar binciken masara da alkama da ke Mekziko, wanda a Indiya aka sake shi da sunan PBW343 ya mamaye gonakin Punjab.

To, a nan ne matsalarmu take. An kwance agogon sanyi, an kwance na yini, saura ɗaya ke nan, shi kuwa ba ya kwantuwa: zafi. Alkama ba ta ƙirga kwana, ɗumi take tarawa. Kowane sabon ganye yana bukatar a tara masa kimanin digiri 100. Idan matsakaicin zafin yini 10 ne, ganye ɗaya kwana goma. Idan 20 ne, kwana biyar. Haka kowane mataki na rayuwarta yake, daga tsiro har nuna. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gado, ana kiransu Eps, da ke sa wani iri ya ɗan fi wani sauri ko da an biya masa bukatar sanyi da ta yini. Tasirinsu 'yan kwanaki ne, amma inda manyan biyun suka yi shiru, 'yan kwanakin nan su ne kasuwar. Ɗaya daga cikinsu an danganta ta da ƙwayar gadon da ke juya agogon dare da rana a jikin tsiro.

Sakamakon haka, alkamar Ingila tana yin kusan wata goma a gona, daga Oktoba zuwa Agusta, manomi ya sami kimanin tan 8 a hekta, har wani a Lincolnshire ya kusa tan 18 a 2022. Tamu cikin wata uku zuwa uku da rabi ta gama komai. Wanda ya kwatanta su ya ce manominmu rago ne bai yi adalci ba. Kowace rana tamu tana iya tara amfanin da ya kai nasu, kwanakin ne ba su da yawa.

Cikin 'yan kwanakin nan ma ba duka ne daidai ba. Wani masani ɗan Ostireliya, Tony Fischer, ya nuna a 1985 cewa yawan ƙwayar da gona za ta bayar ana yanke shi ne a makonni uku zuwa huɗu kafin fure, wato lokacin da alkama ke ciki, kara yana miƙewa. Kowane ɗan reshe na zangarniya yana fara furanni har takwas ko goma, amma uku ko huɗu ne ke kai labari, sauran su mutu tun ba a gan su ba. Abin da ke kashe su yunwa ce, domin kara da zangarniya suna rububin abincin da ganye ke haɗawa. Idan wannan lokaci ya faɗo cikin sanyi da hasken rana, yana daɗewa, abinci ya wadata, furanni da yawa su tsira. Idan ya faɗo cikin zafi sai ya wuce fiu, zangarniya ta fito 'yar ƙarama. Wannan ma shi ne rabin amfanin gajeren kara: abin da karan bai ci ba zangarniya ke samu. Hazon hunturu mai kauri, da muke murna da shi don yana kawo sanyi, yana rage hasken, don haka shi ma ba kyauta yake ba.

Yanzu a ɗora wannan a kan kalandar Kaduna. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, alkamarsa za ta fitar da kai bayan kamar wata biyu, wajen tsakiyar Janairu. Makonnin cikinta sun faɗo daidai tsakiyar hunturu, ƙwayarta kuma ta cika a ƙarshen Janairu da Fabrairu, kafin gari ya ɗau zafi. Wanda ya shuka a ƙarshen Disamba ya kashe mafi kyawun sanyin a kan ganye. Furensa zai zo a ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafin rana ke haura 30, matsayin da garin fure ke soma lalacewa. Cikar ƙwaya kuma ta faɗa Maris, da zafinsa mai wuce 35, ganye ya bushe da wuri, sinadarin da ke haɗa sitaci a cikin ƙwaya ya yi rauni. Duka biyu ya sha ke nan, ƙwaya kaɗan kuma marar nauyi. Abin da ya sa malaman gona ke nanata a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ke nan, kuma farkon wannan tsakani ya fi ƙarshensa nesa ba kusa ba. Indiya ta ɗanɗana irin wannan a 2022, da zafi ya sauko mata tun Maris yana tsakiyar cikar ƙwaya, har ta hana fitar da alkama waje a watan Mayu. Binciken da aka haɗa daga ƙasashe da dama ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya a ɗumin duniya yana rage amfanin alkama da kusan kashi 6 cikin ɗari.

Mai karatu zai ce to a shuka tun Oktoba mana, ko a nemo irin da ya fi kowane sauri. Dukansu na ji manoma suna faɗa, kuma dukansu suna da tarko. Oktoba a Kaduna da sauran zafi. Alkamar da ba ta jiran sanyi, ba ta jiran yini, idan ta tsiro cikin ɗumi sai ta ruga, ta juya zuwa zangarniya tun ba ta yi 'ya'ya da saiwa ba, ta fitar da ɗan kai kamar yatsa tun Disamba. Sanyin ya zo ya tarar an riga an yanke hukunci. Gaba kura, baya sayaki. Iri mai tsananin sauri ma haka: an tabbatar cewa nau'in Ppd mai makanta ga yini yana rage yawan rassan zangarniya, don ba ya ba tsinin nan lokacin ƙera su. Sauri ya haifi nawa. Tony Worland, wani masanin Ingila, ya gwada alkama iri ɗaya, wata da wannan nau'in wata babu, a Ingila da Jamus da tsohuwar Yugoslabiya. A kudu mai zafi mai saurin ta yi fintinkau, a Ingila mai sanyi da damshi ribar ta ɓace. Ƙwayar gado ɗaya, alheri a nan, asara a can. Babu wani nau'i da za a ce shi ne mai kyau sai an faɗi gari da ranar shuka.

A ganina wannan ne wurin da ya kamata bincikenmu ya fi zama. Muna karɓar irin da aka tace a Sonora, mu gwada, mu zaɓi wanda ya fi, kuma hakan ya yi mana rana. Amma abin da manomin Galma ke bukata ya fi haka ƙanƙanta da daidaito: iri mai ɗan birki. Wato wanda za a shuka a farkon Nuwamba, ya ƙi rugawa cikin ragowar ɗumin kaka, ya tara 'ya'ya da saiwa, sannan ya yi ciki a tsakiyar hunturu. Masana a Indiya sun bi wannan hanya, sun fitar da iri masu 'yar bukatar sanyi kaɗan don a iya shuka tun ƙarshen Oktoba. Hunturun Punjab ya fi namu sanyi ƙwarai, saboda haka ba a kwafo nasu kai tsaye, sai an gwada a Kadawa da Samaru. Mu wataƙila birkin yini ya fi dacewa da mu, domin sanyi yana saɓa alkawari, wata shekara ya zo da wuri wata ya makara, amma tsawon yinin 20 ga Disamba bana shi ne na baɗi. Kuma kayan aikin suna nan: a Ppd na jerin B, alal misali, yawan kwafin da iri ke ɗauke da shi yana ƙara masa sauri ko ya rage, ga kuma Vrn na B da na D masu jan ƙafa, ga Eps. A yau daga ɗan guntun ganye ana iya sanin nau'in da tsiro ke ɗauke da shi tun yana mako biyu, ba sai an jira ya fitar da kai ba.

Ga masu fargabar irin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji, musamman tun cece-kucen da aka yi kan masarar TELA, wannan ba shi ba ne. Duk nau'o'in nan a cikin alkama suke tun fil azal, manoman Japan da Indiya da Turai ne suka adana su ba tare da sanin sunansu ba, kamar yadda namu suka adana maiwa. Auren iri da iri ne kawai, gwajin ganyen kuwa duba ne, ba ya ƙara komai.

Mai makara ma yana da nasa maganin, ko da ba cikakke ba ne. Idan dole sai a Disamba za a shuka, iri mai sauri ya fi, a kuma ƙara yawan irin da ake zubawa don cike gurbin 'ya'yan da ba za su fito ba. Ke nan mai sayar da iri ya kamata ya iya amsa tambaya ɗaya: kwana nawa wannan yake yi kafin ya fitar da kai? Yawancin wanda ake aunawa da tiya a kasuwa ba mai iya amsawa, kuma sau da yawa gauraye ne. Shi ya sa za ka ga gona ɗaya wani sashe ya nuna yana zuba, wani yana ɗanye, manomi ya rasa ranar yanke ruwa. Tallafi ma a wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Buhun iri da takin da suka iso hannun manomi a ƙarshen Disamba, a takarda an raba, amma a gona rabin amfaninsu ya riga ya tafi. Gara rabin buhu a farkon Nuwamba.

Ragowar ƙullin ba a jikin alkamar yake ba, yana jikin abin da ya riga ta zama a gonar. Fadama ɗaya ce ake shinkafa da damina a yi alkama da rani, don haka ranar shukar alkama tun a watan Yuni ake yanke ta. Kawu yana ware gefen da zai sa alkama ya shuka masa shinkafa mai saurin nuna, ya girbe a Oktoba, ƙasa ta sha iska, ya yi huɗa ya ja kwamai kafin Nuwamba ta raba. Takin farko kuma da kuɗin shinkafar yake saye, idan na tallafi ya zo ya zama na zubi na biyu. Da na koma bana na tarar da maƙwabcin a bakin kunya, na gaishe shi na tambaye shi shirin rani. Ya ce, "Malam, na canja irin shinkafa. Idan kuma Disamba ta raba ban zuba alkama ba, na haƙura da ita, masarar gashi zan sa. Ita dai ba ta gudun zafin Maris."